Yadda ake gwada sinadari mai kashe ƙwayoyin dajin hanji da ɓurɓushin oksijin

Ƙwayar dajin babban hanji tana tara ɓurɓushin oksijin masu lahani, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da ROS, fiye da lafiyayyar ƙwaya, saboda saurin hayayyafarta. Shi ya sa ta dogara sosai da garkuwa biyu, gulutatayon da tiyoredoksin. Idan aka ƙara mata ɓurɓushin ko aka karya garkuwar, tana iya mutuwa alhali lafiyayyar ƙwaya ta tsira. Mai bincike da ke son gwada wannan a ɗakin gwaji sai ya bi matakai da natsuwa, domin fanni ne da sakamakon ƙarya ke saurin shiga.

A fara da zaɓen ƙwayoyi, kuma kada a tsaya kan iri ɗaya. Cikin ire-iren ƙwayoyin dajin hanji da ake kiwo a ɗakin gwaji, HCT116 tana ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon KRAS, HT-29 kuma a BRAF, kuma ya kamata a haɗa su da ƙwayoyin hanji marasa daji irin su CCD 841 CoN, domin sinadarin da ke kashe kowace ƙwaya ba magani ba ne, guba ce. Zaɓen yana da dalili: a shekarar 2015 masu bincike a Amurka sun nuna cewa bitamin C mai yawa yana kashe ƙwayoyin da ke da sauyin KRAS ko BRAF, saboda suna zuƙar sa ta ƙofar sukari mai suna GLUT1 har gulutatayon ɗinsu ya ƙare.

A ajiye sanannen sinadari a gefe don kwatance. Auranofin, maganin ciwon gaɓɓai mai zinariya da aka amince da shi a Amurka a 1985, yana toshe enzayim ɗin da ke sabunta tiyoredoksin, shi kuwa wani sinadari mai suna BSO yana hana ƙera gulutatayon.

Ruwan da ake kiwon ƙwayoyin a cikinsa shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, kuma a ganina ya fi kowane mataki cancantar kulawa. Bitamin C da wasu sinadaran tsirrai suna haifar da haidirojin feroksaid, ɗaya daga cikin ɓurɓushin oksijin ɗin, a cikin ruwan kansa tun kafin su taɓa ƙwaya, yayin da fairubet, wani sinadari da akan ƙara wa ruwan kiwo, idan yana cikin ruwan, yake kashe wannan feroksaid ɗin, ta yadda sinadari ɗaya zai yi kisa a wani ruwa ya kasa a wani. Don haka a zuba sinadarin a ruwa babu ƙwayoyi, a auna abin da ya haifar, a kuma riƙe yawan ƙwayoyin da ake shukawa daidai a kowane gwaji, tun da cunkoson ƙwayoyi yana rage kason gubar da kowacce ke samu. Haka nan oksijin na na'urar kiwo ya ninka wanda ƙari ke samu a jiki sau da yawa.

Wajen ƙidayar ƙwayoyin da suka mutu, a yi hattara da gwajin MTT, wanda ke nuna ƙwayoyi masu rai ta hanyar canjin launi, domin bitamin C yana canza launinsa kai tsaye, sai matattun ƙwayoyi su zama kamar masu rai. Gwajin SRB, mai auna yawan furotin ɗin ƙwayoyin, ko ƙirga curin ƙwayoyin da suka sake tsirowa bayan kamar mako biyu ya fi aminci. Ana auna ɓurɓushin da rini irin su DCFH-DA, amma a ƙara da auna gulutatayon, saboda rinin shi kaɗai ba ya bambance irin ɓurɓushin.

Sannan a yi gwajin ceto: a ba ƙwayoyin maganin kariya kafin sinadarin, a ga ko za su rayu. An saba amfani da NAC, sinadari mai rage ɓurɓushin, sai dai yakan manne wa wasu sinadarai kai tsaye, har da auranofin, ya hana su aiki tun a waje, don haka a maimaita da wasu magungunan kariyar, katalas ko Trolox.

Abin da ya tsallake duk wannan shi ake kai wa ɓeraye, a gwada shi tare da 5-FU da oksaliplatin, magungunan da ake ba marasa lafiya yanzu. Idan an kai ga gwajin bitamin C ta jijiya a jikin mutum, dole a fara duba ko yana da ƙarancin enzayim ɗin G6PD da kuma lafiyar ƙodarsa, domin adadi mai yawa yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai wannan ƙaranci.