Kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa idan sun je Suzdal

Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka iso Mosko daga gida, da sun ɗan huce gajiyar karatun yaren sai a fara shirin "mu je mu ga ƙauyen Rasha", kuma kusan kullum Suzdal ake nufa, wanda ba laifi ba ne don garin ya cancanta. Abin da ya ishe ni shi ne yadda kowane ayari ke dawowa da ƙorafi iri ɗaya da na ayarin bara, an kashe kuɗi, an sha sanyi, an sayo tarkace, sannan a ce wai ba komai a garin sai coci-coci. Akwai komai, ku ne dai kuka je ba shiri.

Na farko mai sauƙi ne: babu jirgin ƙasa da ke zuwa Suzdal. Kar ka ɓata lokaci kana nema. Jirgi za ka hau daga Mosko zuwa Vladimir, mai saurin da suke kira Lastochka bai cika awa 2 ba, kana fitowa daga tashar jirgin ga tashar bas nan tana kallonka, ka hau bas na ƙasa da awa 1 zuwa Suzdal. Ka duba tikitinka da kyau ka ga sunan tashar da aka rubuta don Mosko tashoshinta da yawa, kuma ba a shiga jirgin sai da fasfo. Tashar bas ta Suzdal ma tana bakin gari ne, da ɗan tafiya kafin tsakiya. Wannan rashin jirgin kuwa shi ne sirrin garin gaba ɗaya, lokacin da aka shimfiɗa layin dogo daga Mosko zuwa Nizhni Novgorod a farkon shekarun 1860 ta Vladimir aka bi aka bar Suzdal a gefe, masana'antu ba su zo ba, 'yan kasuwa suka watse, shi ya sa har yau garin mai mutum wajen dubu 10 yake nan da gidajen katako da lambuna da filayen ciyawa a tsakiyarsa.

Kuɗi kuma, katin Visa ko Mastercard na bankin gida ba ya aiki a Rasha tun watan Maris na 2022. Ka riƙe rubul a hannu, ko katin Mir idan ka buɗe asusu a can, kuma tsofaffin matan da ke sayar da kaya a bakin hanya tsabar kuɗi sun fi so.

To yanzu ga wanda ke ɓata min rai sosai, maganar medobuka. Kana shiga tsakiyar gari wajen tsofaffin rumfunan kasuwar nan masu ginshiƙai za ka ga robobi jere da wani abin sha ruwan zuma, ana ta miƙo maka ɗan kofi ka ɗanɗana kyauta, mai sayarwa tana murmushi tana cewa zuma ce zuma ce. Eh da zuma aka yi shi, amma an bar shi ya tsima, barasa ce a ciki, wani ƙarfinsa kamar giyar kwalba wani ma ya fi, kuma zaƙin ne ke rufe ɗanɗanon har mutum ya shanye kofi biyu bai ankara ba. Na ga yaro mai kamun kai, wanda ko sallar asuba ba ta wuce shi a hostel, ya sayi roba biyu zai kai wa abokan ɗakinsa tsaraba, sai a cikin bas wani Batatare Musulmi da ke kusa da mu ya ga robar ya gaya masa, yaron nan har muka iso Vladimir bai ce uffan ba, idonsa ya yi ja. Kuma ba yaudararsa aka yi ba fa, a wurinsu abin sha ne na gargajiya da garin ya yi suna da shi, ba su ga abin ɓoyewa ba, kai ne za ka tambaya. Haba jama'a, kuna ƙasar da ba taku ba a miƙo maku abu a kofi ku kai baki ba tambaya? Akwai wanda ba barasa, ana rubuta "bezalkogolnaya" a jiki, amma ni gaskiya na daina ma wannan lissafin, idan roba ce da ba takarda a jikinta ba na taɓawa ko me aka ce min. Shayi nake sha, ko sbiten mai zafi na zuma da kayan ƙamshi, shi ma sai na tambaya tukuna don wasu na zuba masa abu.

Abinci ma haka. Pelmeni, wato 'yan ƙullin fulawa masu nama a ciki, da tsiran nan nasu yawanci akwai naman alade a gauraye ko da an ce na shanu ne, ka koyi cewa "svinina", wato naman alade, ka tambaya. Ni dabarata ita ce in nemi abincin azuminsu, "postnoye menyu", Kiristocin Otodoks suna da kwanakin da ba sa cin nama kuma wuraren cin abinci na kusa da monastir, wato gidajen masu zaman ibada, sukan samu irinsa, miyar naman kaza (mushroom nake nufi, ba kazar gida ba), dankali, kabeji, burodi mai cushe da tuffa. Kokwamba kuwa ka ci ka more, lambunan garin da ita suka shahara har biki suke mata duk watan Yuli.

Kuskure na gaba shi ne zuwa da safe a dawo da yamma, a zaga da waya a hannu ana ɗaukar hoto ba a san me ake ɗauka ba. Garin da aka fara ambatonsa a littafin tarihinsu a shekarar 1024, ya yi bikin cika shekara 1000 a 2024, ya riƙe sarautar yankin tun Mosko tana ƙaramin sansani, shi za ka gama a awa uku? Ka kwana ko da dare ɗaya ne. Masu yawon buɗe ido da manyan bas suna watsewa da la'asar, daga nan ne za ka bi gefen kogin Kamenka a ƙafa ka ga garin yadda yake. A cikin Kremlin ɗinsu, wato tsohuwar ganuwar garin, akwai babban cocin da aka gina da farin dutse a shekarun 1220, mai ƙubbobi shuɗɗa da taurari, kuma abin da mutanenmu ke wucewa ba su kalla ba shi ne ƙofofinsa da ake kira ƙofofin zinare, faranti ne na jan ƙarfe da aka baƙanta aka zana hotuna a kai da zinaren da aka kwaɓa da zaiba sannan aka gasa zaibar ta tashi zinaren ya zauna, aikin ƙarni na 13 kuma har yau layukan a fili suke. A monastir na Spaso-Yefimiyev da aka kafa a 1352 ka tsaya ka ji kaɗa ƙararrawa, mutum ɗaya ne ke jan igiyoyi da hannu da ƙafa, kuma a nan aka tsare Paulus kwamandan Jamus bayan ya miƙa wuya a Stalingrad a 1943. Tsallaken kogi akwai monastir na Pokrovski na mata, na 1364, inda sarakuna ke tura matan da suke son rabuwa da su, Solomoniya matar Vasili na 3 an aske ta a 1525, wato an tilasta mata zaman ibada, aka kawo ta nan saboda ba ta haihu ba, haka ma Yevdokiya matar Bitrus Mai Girma ta farko. Wanda ya san wannan ba zai tsaya a ƙofar yana dariya da ƙarfi yana bidiyo ba.

Tunda maganar ta zo nan, Pokrovski wurin ibada ne har yanzu, ba gidan tarihi ba ne kawai. Namiji zai cire hula idan zai shiga coci, mace za ta rufe kai, wanda 'yan matanmu dama ba su da matsala da shi, mazan ne ke gardama kan hula. Idan ba za ka iya cirewa ba, ko zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba, ka tsaya a waje ba wanda ya tilasta ka, amma kar ka shiga ka yi musu da tsohuwa mai gadi, kuma kar ka ɗauki matan da ke zaman ibada hoto.

Sai maganar da ta fi ci min kuɗi kuma ta fi ci min rai, kayan sana'ar hannu. Ku sani yawancin abin da ke kan teburan kasuwar Suzdal ba a Suzdal aka yi shi ba, kowace sana'a da garinta. Cokula da kwanukan katako masu ja da baƙi da ruwan zinare, Hohloma, daga yankin Nizhni Novgorod suke, wajen Semyonov, kuma ba zinare a jikinsu, garin alminiyom ne ake shafawa a rufe da man ƙyalli a gasa ya koma ruwan zinare. Tangaran fari da shuɗi na Gzhel ne kusa da Mosko. Gilashin da aka sassaƙa na Gus-Hrustalni ne, nan cikin yankin Vladimir, tun 1756 suke yi. Duk wannan ba matsala idan na gaske ne, matsalar ita ce rabin abin da ke kan tebur bugun inji ne.

Battar nan baƙa mai zane a murfi ita ce tarkon. Na taɓa zuba kuɗin abincina na wata guda a kan guda ɗaya zan kai wa mahaifiyata, mai sayarwa ya rantse min aikin ƙauyen Paleh ce, da na kai gida zafi ya buge ta sai gefen hoton ya fara ɗagowa, ashe takarda ce aka buga aka manna a kan roba aka bi ta da man ƙyalli, kuma abin da ya fi min zafi Hajiya ta riga ta nuna wa maƙwabta. Tun daga nan na zauna na koyi yadda ake yin ta gaskiya. Ba katako ba ce ba kuma roba ba, kwali ne ake mannawa ɗaya kan ɗaya a matse, a jiƙa shi da man 'ya'yan tsiron da suke yin zaren lilin da shi, a gasa a tanda har ya yi tauri, jikin battar kaɗai yana cin watanni kafin mai zane ya taɓa ta. A Paleh da Mstera da Holuy da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa kala, a zana da burushin gashin kurege, zinaren kuma a goge shi da haƙorin kyarkeci ko dutse mai santsi har ya yi ƙyalli, a Fedoskino kuma fentin mai suke amfani da shi. Mutanen ƙauyukan ukun nan asalinsu masu zanen hotunan coci ne kaka da kakanni, juyin juya halin 1917 ya kashe masu kasuwa, sai suka mayar da hannun kan batta, a Paleh suka kafa ƙungiyarsu a 1924. Kun ga ke nan ba abin wasan yara ba ne, gadon gida ne da mutane suka ƙi bari ya mutu.

Yadda nake dubawa yanzu, na farko in buɗe kyamarar waya in zuƙo hoton sosai, idan na ga ɗigo-ɗigo ƙanana a jere bugun inji ne, aikin hannu layin burushi za ka gani kuma zinaren ya ɗan taso. In karkata ta a haske in ga ko akwai bakin takarda a gefe. In buɗe in shinshina, ta gaske tana da ɗan warin man nan, roba ba ta da shi. In duba ƙasan zanen, ana rubuta sunan ƙauyen da sunan mai zanen da hannu, duk da dai shi ma ana kwaikwayonsa don haka ba shi kaɗai zan dogara da shi ba. Sannan farashi, batta mai zanen mutane da dawakai da aka ce maka kuɗinta bai wuce na abincin rana biyu ba, ka ajiye ta kawai. Ni a shagon gidan tarihi nake saye ko wurin da na ga mai aikin a zaune yana yi, wasu abokaina na cewa tsada ce, su suka sani. Kuma don Allah idan ka samu mai aikin na gaske ka daina yi masa tayin wulaƙanci, kai da ka san bambancin aikin allura na babbar riga da ɗinkin keke ba za ka je wurin maɗinkin da ya yi wata uku a kan aska takwas ka taya masa kuɗin na inji ba, nan ma haka ne, rangwame kaɗan za su iya yi amma raba kuɗi biyu zagi ne a wurinsu. Idan aljihunka bai kai ba ka sayi gyalen ulu na Pavlovski Posad, iyaye mata na son sa lokacin sanyi, ko ƙaramar tukunyar yumɓu daga masu ginin tukwane na cikin garin, wasunsu ma za su bar ka ka zauna ka gwada da hannunka.

Tsohon kaya kuma, samovar (tukunyar dafa ruwan shayinsu) mai shekaru, tsohon hoton coci, lambar yaƙi, tsofaffin kuɗi, kar ka saya da niyyar fita da su, sai da takardar izini daga ma'aikatar al'adu, in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe har a haɗa maka da wata fitinar.

Sauran ƙanana ne. Gidan tarihin gine-ginen katako, inda aka kwaso coci da gidajen manoma da injinan niƙa na iska daga ƙauyuka aka sake haɗa su, a fili yake, a watan Janairu da takalmin kanbas ba za ka yi minti ashirin ba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, ka fito da alwala da 'yar dardumarka. Kowane gidan tarihi da ranar hutunsa, ka duba kafin ka taso. Ka sauke taswirar Yandex a waya don intanet na iya yankewa. Ƙauyen Kideksha kilomita 4 ne kawai daga Suzdal, cocinsa na 1152 ne, sarki Yuri Dolgoruki ya gina, tasi zai kai ka.

Ɗalibai kuma ku buɗe kunne. Idan ka kwana a otal za su karɓi fasfonka da katin shige da fice su yi maka rajista a adireshinsu, wannan kuma yana soke rajistar da kake da ita a hostel. Da yawa ba su sani ba sai su dawo su ci gaba da zama, ranar da aka duba takardu a ce ba ka da rajista, ga tara ga barazanar kora daga ƙasa. Ka karɓi 'yar takardar da otal zai ba ka, ranar da ka dawo Mosko ko washegari da safe ka kai ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku tare da fasfo a sabunta maka, kar ka bari sai ƙarshen mako.