Yadda za ka kauce wa hadarin bazara a kan tsauni

1. Tun da daddare duba hasashen yanayi, amma na tsaunin kansa. Na garin da ke gindinsa kan yaudari mutum, domin duk mita 1000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.

2. Yi sammako. Rana ce ke gasa gangaren dutse da safe, iska mai ɗumi ta yi sama da laima, kafin la'asar hadari ya haɗu. Saboda haka ka tsara tafiyarka yadda azahar za ta same ka kana saukowa, ko da ba ka kai ƙololuwa ba.

3. Sa ido kan gajimare. Farin da ke tsawo kamar hasumiya, gindinsa na yin baƙi, shi ne abin gudu.

4. Ka ga walƙiya? Fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace 3 kusan kilomita 1 ce. In ba ta kai 30 ba, sauka nan take. Guji tudu, da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da kwazazzabo, don ruwa kan cika shi ba sallama. Gini ko mota a rufe ya fi.

5. Bayan tsawar ƙarshe, jira minti 30.