Yadda ake binciken buƙatun gari kafin a kai masa aiki

Duk mai yawo a ƙauyukanmu ya taɓa ganin irin wannan, burtsatse mai sola ga tanki ga allo da sunan waɗanda suka kawo, amma famfo ya bushe ƙaf, awaki ne ke kwana a gindin tankin, mata kuma sun koma rafi da jarkokinsu. Sau da yawa kuɗin aikin ya isa, tambaya ce ba a yi ba tun farko. To idan wata ƙungiya ko ƙaramar hukuma ta ba ka aikin ka je ka gano me mutanen wani yanki suke buƙata sannan ka ba da shawara, ga yadda nake bi.

Kafin ka tashi ka ɗan karanta abin da aka riga aka rubuta kan yankin, amma kar ka dogara da alƙaluma sosai, a Najeriya rabon da a yi ƙidaya tun 2006, duk adadin da za ka gani yanzu ƙiyasi ne. Rajistar asibitin garin da ta firamare sun fi faɗa maka gaskiya.

Sai shiga gari, kuma ta ƙofa ake shiga. Ka fara da hakimi ko dagaci, shi zai haɗa ka da masu unguwa, ka gaida liman. Ka faɗa musu ƙarara: "Ranka ya daɗe, tambaya muka zo yi, ba mu zo da alkawarin komai ba." Wannan maganar tana da nauyi a baki amma dole ce, domin da zarar an ga mota da takardu an ɗauka rabon tallafi ne, kowa zai ce maka ba shi da ko akuya. Kar ka ɗauki hoton kowa ko muryarsa sai ka nemi izini.

Lokacin zuwan ma abin dubawa ne. Wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, tun 1983 ya yi ƙorafin cewa masu bincike sun fi son zuwa da rani, su tsaya inda kwalta ta kai, su yi magana da maza masu faɗa a ji su juya. Wallahi har yau haka ake yi. Alhali wahalar ƙauye a watan Agusta take, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, hanya ta yanke mai naƙuda sai a amalanke. In da hali ka je sau biyu, rani da damina, kuma ka kwana.

Washegari ka ajiye mota ka taka da ƙafa, kai da mutum biyu ko uku 'yan garin, tun daga wannan gefe har wancan. Ka leƙa rijiya ka ga gaba nawa ce, ka bi masu ɗebo ruwa ka duba agogo, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke amfani da shi shi ne zuwa da dawowa har da layi kar ya wuce minti 30. Ka ga inda burtali ya bi da inda gona ta cinye shi. Bayan nan ka sa su zana taswirar garin a ƙasa da kara da duwatsu, kai dai ka yi shiru ka ji gardamar da za su yi, a cikin gardamar nan bayani yake.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato zama da mutane. Taro ɗaya a ƙofar fada ba bincike ba ne. Mata zamansu daban a cikin gida, kuma mace ce za ta zauna da su, matasa daban, makiyaya ka bi su har ruga, masu lalura ta musamman ka je inda suke. Akwai wani gari da muka je, a fada dattawa suka haɗu a kan hanya suke so, muka rubuta. Da yamma abokiyar aikina ta fito daga cikin gida ta ce wata tsohuwa ta riƙe mata hannu tana cewa, "'Yar nan, kin ga tafin hannuna? Guga ne ya yi min haka, 'yan jikokina mata kuma ba sa zuwa makaranta sai sun cika randa." Ta ce hannun duk kanta ne, ya tsage. Babu namiji ko ɗaya da ya ambaci ruwa a fada, don ba su suke ja ba.

Idan ka tara matsalolin, ka zana kowace a ƙasa da alama, ruwa, hanya, asibiti, taki, ka ba kowane mutum ƙwayar masara 10 ya raba yadda abin ya fi damunsa, mata su yi nasu maza su yi nasu, ka rubuta sakamakon daban daban kar ka cakuɗa. Tambayoyin gida gida kuwa ana iya sa su a waya da manhajar KoboToolbox, tana aiki ko babu sabis, amma fom ɗin ya zama gajere kuma da Hausar da mutanen wurin suke ji.

Kar ka tsaya a iyakar garin, ka tambayi wa aikin zai shafa a gaba. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kano ta samu ruwan sha da noman rani, amma can ƙasa a fadamun Haɗeja da Nguru ambaliyar da masu shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya a ciki suna cinye amfanin gona. Ko ƙaramin dam za a yi a ƙauye, ka je ƙauyen da ke ƙasa da shi ka ji ta bakinsu.

Haka kuma ka tambayi me suke da shi a hannu, ba abin da suka rasa kaɗai ba. A jihar Maraɗi an daɗe ana rabon dashen itatuwa yawanci suna mutuwa, sai wajen 1983 Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, manoma suka fara barin toho kaɗan masu ƙarfi suna sassabe sauran, abin da ake kira sassabin zamani. Yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 a Nijar da itatuwa suka dawo, gawo ya cika gonaki, ba da kuɗin dashe ba.

Kafin ka rubuta shawara ka samu amsar waɗannan a bakinsu: in ya lalace wa zai gyara, makanike mafi kusa a wane gari yake, nawa kowane gida zai iya bayarwa a wata, kuɗin a hannun wa za su zauna, filin na waye kuma ya yarda a rubuce? Ni in babu amsa, a rahotona nakan rubuta a dakata tukuna, ko da masu kuɗin ba su so ba.

Rahoton ka yi shi gajere, amma kafin ka miƙa wa waɗanda suka aiko ka, ka koma garin. Ka tara su ka karanta musu da Hausa, ka sa a shiga gida a karanta wa mata, inda suka ce ba haka muka faɗa ba ka gyara a gabansu. Ka bar kwafi ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin shugabar mata, ka rubuta lambar wayarka a bayan kowane.