Babi na Shida: Jinyar Ciwon Wuya da Ciwon Baya a Gida

Iyayena da yayyena, a shekarun da na yi ina koyarwa a ajin yamma a nan Marwa ta ƙasar Kamaru, na lura cewa ciwon baya da ciwon wuya sun fi wuyar haruffa hana ku zuwa aji. Da zarar an fara dashen masakwa, wato dawar rani, a ƙarshen damina, ko an shiga cirar auduga, sai rabin bencin ya zama babu kowa, waɗanda suka zo kuma kowa yana dafe da ƙugu. Saboda haka na rubuta wannan babi. Ku ɗora yatsa a kan layi, ku karanta a hankali, kuma duk inda kuka ga lamba, kamar 15 ko 20, ku tsaya ku faɗe ta da baki kafin ku wuce.

Darasi na 1: Ciwon da ba na gida ba ne

Yawancin ciwon baya na gajiya ne da sagewar tsoka, yakan kuma lafa cikin 'yan makonni idan aka kula da shi. Amma akwai wanda ba a zama da shi a gida ko na kwana ɗaya. Idan wuya ya sanƙare har mutum bai iya sunkuyar da haɓarsa zuwa ƙirji, ga zazzaɓi, ga ciwon kai mai tsanani, to a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, domin yana iya zama sanƙarau, kun kuwa san ƙasarmu da ta Cadi suna cikin yankin da wannan cuta take tashi da rani. Haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko daga kan itace, kada a murɗa wuyan, kada a ja shi, a kwantar da mutumin a miƙe a kai shi. Wanda ƙafafunsa suka mutu ko suka rasa ƙarfi, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce masa, shi ma na likita ne nan take. Wanda yake ramewa, yana gumin dare, bayansa na ciwo wata da watanni, a duba shi, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Mai ciwo a gefen ƙugu tare da zazzaɓi da zafin fitsari, ƙodarsa za a duba. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai mu wuce darasi na biyu.

Darasi na 2: Gashi da ruwan ɗumi

Wannan shi ne babban darasin, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Zafi yana sa tsokar da ta ɗaure ta saki, yana kuma ƙara gudun jini a wurin. Abubuwan da ake bukata su ne tukunya, da daro ko roba mai faɗi, da tawul ko tsohon zane mai tsabta, da ruwan sanyi a buta, da agogo. Agogon wayarku ya isa.

A ɗora ruwa a murhu har ya yi zafi, sannan a sauke a juye a daro. Kada a tsoma tawul a cikin tukunyar da take kan wuta. A surka ruwan da na sanyi kaɗan-kaɗan. A tsoma tawul, a ɗauko, a matse shi sosai har ya daina ɗiga. Yanzu ku tsaya, kada ku kai shi baya tukuna.

Ku miƙe hannunku na hagu, tafin yana kallon sama. Tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu akwai fata mai laushi. A nan za ku ɗora tawul ɗin, ku ƙirga daga 1 zuwa 10 a hankali. Idan kun kai 10 kuna jin ɗumi mai daɗi, tawul ya yi. Idan kun janye hannu kafin 10, ya yi zafi, sai a ƙara surki a sake gwadawa. Wannan shi ake kira gwaji, kuma ina so ku rubuta kalmar a littafinku sau uku: gwaji, gwaji, gwaji.

Wani zai ce ai da tafin hannu ya matse tawul ɗin, bai ji komai ba. Tafin hannun manomi da na mai daka ya yi kanta, yana iya ɗaukar garwashi ma ya jefa a kasko. Fatar baya ba haka take ba, ga shi kuma mai ciwon ba ya ganin bayansa. Don haka ba a gwaji da tafin hannu, ba a yi da yatsa, a cikin hannu ake yi, inda fata take da laushi, a ƙirga zuwa 10.

Bayan gwaji, mai ciwon ya kwanta rub da ciki a tabarma, ko ya zauna a kujera idan wuya ne. A shimfiɗa tawul a inda yake ciwo. Idan ya huce, a sake tsomawa, a matse, a sake gwaji. Na ce a sake gwaji, domin a nan ne masu ƙoƙari ma suke faɗuwa: sun gwada na farko, sai ruwa ya huce, aka ƙaro na tukunya, aka ɗora kai tsaye. Duk lokacin da aka ƙara ruwan zafi, sabon ruwa ne, yana bukatar sabon gwaji. Kada ku ji kunya idan kun manta a karon farko, kowa da haka ya fara, kuma na ga dattawan da suka haura shekara 60 sun iya shi a mako guda.

Tsawon gashin minti 15 ne zuwa 20. Ku duba waya kafin ku fara. Idan ta nuna 7:00, ku daina idan ta nuna 7:20. Ana iya yi sau biyu ko uku a yini, da safe kafin a fita da kuma bayan sallar isha'i. A lokacin hunturu, a rufe bayan da zane da zarar an gama, kada a fita iska da jiƙaƙƙiyar fata.

Wanda ba shi da mai taya shi yana iya zuba ruwan ɗumi a kwalba, ya toshe bakin da kyau, ya naɗe ta a zane ninki biyu, ya jingina da ita. Wasu sukan soya rairayi ko gishiri a kasko su ƙulle a tsumma, wannan ma yana aiki, amma yana iya fin ruwa zafi, saboda haka gwajinsa ya fi zama dole. A ɗora a cikin hannu, a ƙirga zuwa 10. Ba a barci da kwalba ko ƙullin rairayi a jiki.

Dole in faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Na karantar da wannan darasi a allo, kowa ya ce ya gane, bayan kwana huɗu wata baiwar Allah ta zo min da labarin cewa bayan maigidanta ya yi bororo ya sale, saboda shi ya ce mata sai da zafi magani yake ci, ita kuma ta bi maganarsa ta bar gwaji. Ciwo ɗaya ya zama biyu, har da kuɗin wankin ƙuna. Haba jama'a, ƙirga goma nawa take ci a lokacinku? Ku da kuke ƙirga canjin sefa a kasuwa ba ku kuskure, ashe goma ce za ta gagare ku? Jarumtaka ba ta hana fata ƙonewa. Masu ciwon sukari da tsofaffi su ƙara kula, domin fatarsu ba ta jin zafi da wuri, wani mai lafiya ne zai yi musu gwajin a hannunsa. Mai juna biyu ta tambayi ungozomar asibiti kafin ta yi gashi.

Idan kuwa yau ɗin nan ne aka ji bayan ya amsa wajen ɗaga kaya, wurin kuma ya kumbura, a kwana biyun farko sanyi ya fi. A sayi ƙanƙara a leda, a naɗe ta a zane, a ɗora na minti 15. Ba a ɗora ƙanƙara a fata tsirara. Daga rana ta uku sai a koma gashi, da gwajinsa.

Darasi na 3: Tausa da motsi

Bayan gashi, a shafa man kaɗanya a tafin hannu, a murza tsokar da take gefe da gefen ƙashin baya a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ba a danna ƙashin kansa. Al'adar nan ta sa yaro ya hau bayan babba yana tattakawa, a bar ta. Man zafi na gwangwani da ake sayarwa a kanti ana iya shafa shi, amma ba a haɗa shi da gashi a lokaci guda, domin haɗin yana ƙona fata.

Kada a kwanta kwana da kwanaki ana jiran ciwo ya tafi, dogon kwanciya yana ƙara sagewa. A tashi a taka a tsakar gida, gobe a kai bakin layi. Don wuya, a zauna a miƙe, a juya kai dama sannu a hankali har inda ciwo ya fara, a dawo, a juya hagu, sau 5 kowane gefe. Don baya, a kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe a ƙirga 10, a sake, a yi ɗayar. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, addini ya yi masa sauƙi ya yi sallarsa a zaune.

Darasi na 4: Ɗaukar kaya da zaman aiki

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 ke nan kilo 20. A matso kusa da ita, a buɗe ƙafa, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, a rungumo ta jiki sannan a tashi da ƙarfin cinya. Ba a juya ƙugu da kaya a hannu, da ƙafa ake juyawa. Buhu kuwa a nemi mutum na biyu ya taya. Mata su sa gammo mai kauri, su kuma ɗaura wa tsintsiya sanda. Tela da mai babur da mai zaman shago su miƙe tsaye kowane minti 30. Kan mutum ya kai kilo 5, wuya ne yake ɗauke da shi, don haka a ɗago waya zuwa fuska a daina sunkuya mata.

Darasi na 5: Kwanciya

Matashi ɗaya ya isa, kada ya yi tudu. Mai kwanciya a gefe ya sa wani matashin tsakanin gwiwoyinsa, mai kwanciya rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwa. Katifar da ta lotsa a tsakiya, tabarma da bargo sun fi ta.

Darasi na 6: Ƙwayoyi

Babba yana iya shan farasitamol mai lamba 500, ƙwaya ɗaya ko biyu, da tazarar awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su guji ibufurofen. Tiramol na masu talla a faranti kada ku taɓa shi, yana kama mutum. Idan an yi makonni 6 ciwo bai lafa ba, a je asibiti.

Aikin gida: ku rubuta lambobi daga 1 zuwa 10, ku zo gobe da tawul, kowa zai nuna mini inda ake gwaji a hannunsa.