Ta ina ake fara zama masanin tattalin arzikin raya ƙasa?

Ɗalibai kan tare ni bayan darasi su ce, "Malam, ta ina ake farawa?" Nakan ce da lissafi, domin ba makawa. Riƙe aljebra da ƙididdiga tun daga shekarar farko a jami'a, ka koyi manhajar nazarin ƙididdiga ta R, wadda kyauta ce. Sannan ka sauke bayanan binciken magidanta da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, ka gwada hannunka a kan ƙaramar tambaya, kamar wa ke samun taki, wa ba ya samu.

Amma abin da na fi damuwa da shi shi ne ka shiga ƙauye. Nemi aikin tattara bayanai ko na wata uku ne. Ranar da na fara, na tambayi wani dattijo nawa yake samu a wata. Ya ce, "Yaro, mu da buhu muke lissafi, daga kaka zuwa kaka." Daga nan na koyi yin tambaya da tiya da dami, da kuma yawan watannin da hatsin rumbu ke kai gida.

Dubi Christopher Udry, Ba'amurken da ya yi shekara guda, daga 1988 zuwa 1989, yana bibiyar rance a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya gano cewa biyan bashin kan danganta da halin da aka shiga: idan gona ta ƙi ko ciwo ya shigo gidan wanda ya ci bashin, sai a sassauta masa, idan mai bayarwa ne ya shiga matsi, sai a biya shi da ƙari. Ashe rancen inshora ne. Iyayenmu sun daɗe da sanin haka, shi kuwa ya zauna ya auna. Yana ci mini rai ganin ɗalibanmu na tsallake irin wannan tambaya a ƙofar gidansu.

Koyi kuma gwaji ta hanyar ƙuri'a, wato a raba mutane gida biyu da ƙuri'a, a ba gida ɗaya abin da ake gwadawa, sannan a kwatanta sakamakonsu. Shi ne ya kai masana tattalin arziki Banerjee, Duflo da Kremer ga kyautar Nobel a 2019. Da shi aka nuna cewa maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a Busia ta Kenya.

Idan za ka nemi digiri na biyu ko na uku, duba tallafin cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da ke Nairobi. A takardar neman, rubuta tambayar da ka taho da ita daga ƙauye, da yadda za ka auna ta.