Digirin digirgir kan ƙera antibayotik: inda masu nema suke tuntuɓe

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a 2019 saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Yammacin Afirka ce a gaba. Shi ya sa ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai ke rububin guraben wannan bincike. Sai dai da yawa tun daga takardar farko ake ajiye su gefe.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar lissafin kwamfuta a matsayin hujja. Ɗalibi ya ɗauko sinadaran darbejiya ko zogale, ya ɗora su kan furotin na bakteriya a AutoDock Vina, manhajar da ke hasashen yadda sinadari zai kama furotin, ya ga lamba mai kyau, sai ya rubuta cewa ya gano magani. Farfesan da kake neman gurbi a wurinsa ya ga irin wannan har ya gaji. Lambar hasashe ce kawai. Gyaran: fara da sinadarin da ya zo maƙale da furotin ɗin daga PDB, rumbun bayanan siffofin furotin, ka cire shi, ka sake ɗorawa. In bai koma mazauninsa ba da tazarar ƙasa da angistirom 2 (ma'aunin tazara tsakanin atom), tsarinka na da matsala. Daga nan ka gwada a GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin sinadarai, ko sinadarin zai zauna daram cikin ruwa, sannan ka faɗi awon da zai gaskata ka ko ya ƙaryata ka, NMR ne (awon gano tsarin sinadari da maganaɗisu) ko hasken infirared. Wanda ya iya haɗa lissafi da awo, shi ake nema.

Akwai kuma mantawa da ƙofa. Bakteriyar Acinetobacter baumannii, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na masu haɗari tun 2017, tana da fata ta biyu a waje, ga famfunan da ke tofar da magani. Sinadarin da ya kama furotin a kwamfuta amma ya kasa shiga ciki, aikin banza ne. Ka nuna ka san da haka, ko da a layi biyu.

Wasiƙa ɗaya ga farfesoshi hamsin ba ta cin kasuwa. Karanta aikin mutum na baya-bayan nan, ka yi masa tambaya ɗaya mai ma'ana. In jami'arku ba ta da na'urar NMR, faɗi gaskiya, ka nuna ka iya fassara sakamakonta. Koyar da danna na'ura ba ya ba su wahala.

Sai kuɗi. A Birtaniya wasu guraben kuɗin makarantar ɗan ƙasa kaɗai suke biya, cikon yana wuyanka, don haka tambaya kafin ka yi murna. Tallafin asusun TETFund na Najeriya na malaman manyan makarantun gwamnati ne. In ba ka cikinsu, duba DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ko tallafin Commonwealth. Kuma ɗan Najeriya mai zuwa Birtaniya a wannan fanni yakan buƙaci takardar ATAS, wato izinin tsaro na gwamnatin Birtaniya, kafin biza, tana ɗaukar makonni, ka nema da zarar an ba ka gurbi.