Yadda Za a Koya wa Yara Lura da Bishiyoyi, Tsuntsaye da Namun Daji

Yaro ba ya cika lura da abin da bai san sunansa ba, saboda haka da suna ake farawa. A daina kiran komai "bishiya" kawai, a riƙa ce masa wannan tsamiya ce, waccan ɗorawa ce, darbejiyar da ke ƙofar gida kuwa baƙuwa ce, asalinta daga Indiya. Idan iyayen sun tashi a cikin garin Bauchi ba su san sunayen ba, sai su haɗa yaron da kakansa ko wani manomi ko makiyayi, domin a bakinsu wannan ilimi yake.

Daga nan sai a zaɓa masa bishiya guda a kusa da gida ko a hanyar gona, ya riƙa leƙa ta duk mako har shekara ta zagayo. A ganina babu wadda ta kai gawo dacewa da wannan aiki, domin shi yana kaɗe ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, sannan ya yi sabon ganye da rani bayan daji ya bushe. Kada a yi gaggawar gaya wa yaron haka. A tambaye shi abin da ya sauya tun zuwansa na baya, a bar shi ya taɓa farar ƙayar, ya tsinci 'ya'yan da awaki ke rububi, ya zana ganyen a littafinsa. Ranar da ya gano da kansa cewa gero ya fi kyau a gindin gawo, shi zai tambayi dalili, sai a bayyana masa cewa ganyen da ya zuba taki ne, kuma bishiyar ba ta tare wa shuka rana da damina.

Tsuntsaye suna buƙatar shiru, wanda shi ne ya fi yi wa yara wuya. A zauna da sassafe na ɗan lokaci kaɗan, a nuna masa balbela tana bin shanu tana cafke ƙwarin da kofatansu ke tayarwa, da carki yana cire kaska a gadon bayan saniya. Da bazara kuma a sa shi jiran isowar shamuwa, ya rubuta ranar da ya fara ganinta da ranar ruwan farko, ya kwatanta.

Tafiya gandun namun daji na Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, ta fi amfani bayan yaro ya saba da duba na kusa, in ba haka ba wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumin wurin kaɗai zai tuna. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A je da rani, lokacin da ciyawa ta kwanta kuma namun daji ke taruwa a bakin Kogin Gaji. Ko ba a yi sa'ar ganin giwa ba, ma'aikacin da ke rakiya zai iya nuna sawunta da kashinta da rassan da ta karya. A maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta yake wajen digiri 31 dare da rana, a kula da abinci saboda birai.

A gida ko a daji, a hana yaro sa hannu a rami, kuma a koya masa juya dutse da sanda saboda kunama da maciji. Sheƙar tsuntsu kallonta ake yi daga nesa, ba a ɗaukar ƙwan.